KIMIYYAR JIKI A FILIN TSERE: Kayan Kariyar Direbobin Tsofaffin Motoci

Gabatarwa

A watan Satumba dubban mutane kan hallara a Goodwood, wani filin tseren motoci da ke kudancin Ingila, domin kallon gasar da ba a shiga da sabuwar mota. An fara wannan taro a shekarar 1998, kuma motocin da ake tsere da su na zamanin da filin yake tashe ne, wato daga 1948 zuwa 1966, tare da wasu da suka girme su. Akwai irin wannan gasa a Monterey ta ƙasar Amurka tun 1974, da kuma Le Mans ta Faransa tun 2002. A Ingila ma akwai wata ƙungiya mai suna Vintage Sports-Car Club, wadda aka kafa a 1934, da har yanzu 'ya'yanta ke tsere da motocin da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawa daga cikin masu tuƙa waɗannan motoci ba tsere ne sana'arsu ba. Likitoci ne da 'yan kasuwa da makanikai da waɗanda suka yi ritaya daga aiki, sha'awa ce kurum ke kai su fili a ƙarshen mako.

A Goodwood hatta 'yan kallo kan sa tufafi irin na kakanninsu, don wurin ya yi kama da yadda yake shekaru sittin ko saba'in da suka wuce. Amma mai lura zai ga abu guda da bai bi wannan tsari ba. Direban da ke cikin motar 1955 yana sanye da hular kwano ta zamani da riga mai hana wuta da safar hannu, alhali wanda ya tuƙa motar nan a 1955 rigar auduga mai gajeren hannu ce a jikinsa, da 'yar hula marar kauri. Me ya sa aka yarda mota ta zauna da tsufanta, aka ƙi yarda kayan direba su zauna da nasu? Amsar tana cikin darasin ilimin halittu da ɗalibin sakandare ya riga ya sani: ƙashi da ƙwaƙwalwa da fata da jini.

Karo Uku a Haɗari Guda

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wannan daidai yake da gudun abin da ya faɗo daga tsayin mita 39, wato bene mai hawa goma sha uku. Gudun kansa ba ya cutar da jiki, domin fasinjan jirgin sama yana shan shayi cikin gudun da ya ninka wannan sau takwas. Ɓarnar tana zuwa ne wajen tsayawa. Idan motar ta tsaya cak cikin tazarar mita ɗaya, kowane sashe na jikin direba zai zama kamar nauyinsa ya ninku kusan sau 40. Masana kan rubuta wannan ninki da harafin g, su ce g 40. Idan kuwa tazarar tsayawar rabin mita ce, ninkin zai kai kusan 80. Wannan ƙa'ida ita ce tushen yawancin abin da za a bayyana a nan: gwargwadon tsawon tazarar da abu ya tsaya a cikinta, gwargwadon sauƙin bugun da zai sha.

Sau da yawa akan ji masu mota suna yabon motocin da, suna cewa ƙarfe ne zalla, na yanzu kuwa gwangwani ne, da an taɓa su sai su lotse. A wajen mai gyaran bodi wannan magana tana da ma'ana, amma a wajen jikin da ke cikin motar lotsewar nan ce rahama. Gaban motar zamani an ƙera shi da gangan don ya murƙushe, ya ƙara tazarar tsayawa. Wani injiniyan kamfanin Mercedes-Benz mai suna Béla Barényi ne ya fito da wannan dabara, kuma ta fara fitowa sosai a motocin kamfanin na 1959. Tsohuwar motar tsere ba ta da wannan. Sandar sitiyarinta doguwa ce miƙaƙƙa da ke fuskantar ƙirjin direba, tankin mai kuma yana bayansa ko a gefensa.

A kowane haɗari karo uku ne ke faruwa a jere cikin ƙiftawar ido. Na farko mota ta bugi shinge. Na biyu jikin direba, wanda bai daina tafiya ba, ya bugi ɗamarar kujera ko sitiyari. Na uku kayan ciki, wato ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta da saifa, su bugi bangon ƙashin da ke kewaye da su. Wani likitan sojan sama na Amurka, John Paul Stapp, ya gwada iyakar abin da jiki zai iya ɗauka da jikinsa na kansa. A watan Disamba na 1954 ya hau wani keken dogo da roka ke turawa, ya kai gudun fiye da kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi. Ya sha g 46, jini ya cika masa idanu, amma ya rayu. Abin da ya tabbatar shi ne jikin mutum na iya jure bugu mai tsanani matuƙar an ɗaure shi da kyau, an kuma baza nauyin bugun a kan ƙasusuwa masu ƙarfi.

Ƙoƙon Kai da Hular Kwano

Nauyin ƙwaƙwalwar baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da giram 400, kuma taushinta ya fi kusa da na awara. Tana cikin ƙoƙon kai, lulluɓe da tantani uku, tana iyo a cikin wani ruwa garai-garai da ke rage mata girgizar yau da kullum, kamar ta tafiya ko tsalle. Wannan tanadi ya isa ga mutumin da ya yi tuntuɓe. Bai isa ga wanda kansa ya bugi kwalta ba. Idan ƙoƙon kai ya tsaya farat ɗaya, ƙwaƙwalwa takan bugi gefen da aka buga, ta koma ta bugi ɗaya gefen, shi ya sa likita kan tarar da rauni a wuri biyu. Jijiyoyin jini na iya tsinkewa, jinin da ya taru kuma ba shi da wurin zuwa, domin ƙoƙon kai ba ya buɗewa, sai ya danne ƙwaƙwalwa.

A 1943 wani masanin kimiyyar fiziya a Oxford, A. H. S. Holbourn, ya nuna cewa juyawar kai da ƙarfi ta fi bugun gaba da gaba illa. Idan kai ya murɗe, sassan ƙwaƙwalwa kan goga juna, dogayen zaruruwan ƙwayoyin jijiya masu kai saƙo su miƙe har su lalace. Mutum na iya suma na makonni ba tare da ƙashi ko ɗaya ya tsage ba. Shahararren direban Ingila Stirling Moss ya yi haɗari a filin Goodwood ɗin nan a 1962, ya yi kusan wata guda bai san inda kansa yake ba, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye na tsawon watanni.

Tarihin hular kwano ya ratsa ta hannun likitoci. Lokacin da T. E. Lawrence ya faɗi a kan babur ya rasu a 1935, cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, mai fiɗar ƙwaƙwalwa. Cairns ya bi diddigin mutuwar sojoji masu kai saƙo a kan babur, kuma bincikensa ya sa rundunar sojan Birtaniya ta wajabta hular kwano a 1941. A fannin tseren motoci kuwa, mutuwar wani ɗan sha'awa ce ta kawo gyara. William Snell, wanda aka fi sani da Pete, ya rasu a 1956 a Kalifoniya lokacin da motarsa ta kife, yana sanye da hula irin wadda kowa ke sawa a lokacin. Abokansa, tare da wani likita mai suna George Snively, suka kafa gidauniya da sunansa a 1957 domin gwada huluna. Gidauniyar Snell tana nan har yau, tana sabunta ma'auninta na hulunan tsere bayan kowace shekara biyar, kuma jami'an fili kan leƙa cikin hula su duba tambarinta ko na hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, kafin su bar mutum ya shiga gasa.

Hular kwano sassa biyu ce. Ɓawon waje mai tauri yana hana abu mai tsini huda kai, yana baza bugu a wuri mai faɗi, yana kuma sa kai ya zame a kan kwalta maimakon ya maƙale ya murɗe. Amma babban aikin yana hannun farin soson da ke ciki, ɗan'uwan wanda ake tarar da shi a kwalin sabon talabijin. Kaurinsa santimita uku ne zuwa huɗu. Idan an yi karo sai ya murƙushe, kai ya tsaya cikin santimita uku maimakon milimita uku, bugun ya ragu kusan sau goma. Soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, don haka hular da ta sha bugu sau ɗaya ta gama aiki, ko da fentinta na ƙyalli.

A nan ne za a gane kuskuren da aka gani a Nijeriya a watan Janairu na 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu babur sa hular kwano. Kafofin watsa labarai sun ruwaito cewa wasu 'yan acaɓa a Kano sun riƙa kifa ƙwarya a ka. An ɗauki abin da raha, amma ko hular roba ta 'yan gini da wasu suka koma sawa ba ta fi ƙwaryar da yawa ba a wannan aiki, tun da an yi ta ne don tare abin da zai faɗo daga sama, kuma babu soson da zai murƙushe a cikinta.

Wuya

Kan baligi ya kai kilo huɗu da rabi zuwa biyar. Idan an ƙara hula, nauyin ya doshi kilo shida da rabi. Duk wannan yana zaune a kan ƙananan ƙasusuwa bakwai na wuya. A ƙasan ƙoƙon kai akwai wata babbar kafa da laka ke ratsawa ta haɗu da gindin ƙwaƙwalwa, kuma a gindin nan ne cibiyoyin da ke sarrafa numfashi da bugun zuciya suke. Manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ma ta wannan yanki suke wucewa.

Yanzu a ɗauka ɗamara ta riƙe ƙirji da kafaɗu gam, mota ta tsaya da g 40. Gangar jiki ta tsaya, amma kai bai tsaya ba. Kilo shida da rabi sau 40 ya zama kilo 260, fiye da buhun siminti biyar, kuma wuya kaɗai ke riƙe da shi. Tsokar wuya ba ta ma samun lokacin ɗaurewa, domin abin kan ƙare kafin saƙo ya je ƙwaƙwalwa ya dawo. Sakamakon shi ne tsagewar gindin ƙoƙon kai, wanda yakan kashe nan take ko da kan bai taɓa komai ba. Wannan rauni ne ya kashe Roland Ratzenberger a Imola ta Italiya a 1994, da Dale Earnhardt a Daytona ta Amurka a watan Fabrairu na 2001.

Abin takaici shi ne maganin ya riga ya samu kafin mutuwar su biyun. Bayan rasuwar wani direba mai suna Patrick Jacquemart a 1981, Farfesa Robert Hubbard na Jami'ar Jihar Michigan da surukinsa Jim Downing, wanda shi kansa ɗan tsere ne, suka ƙera wani abin wuya mai suna HANS. Siffarsa kamar karkiyar shanun noma take: yana zaune a kan kafaɗu, ɗamarar kujera ta danne shi, igiyoyi biyu kuma su haɗa shi da hula. Idan kai ya yi gaba, igiyoyin su riƙe shi, nauyin ya sauka a kan kafaɗu da ƙirji. Direbobi sun daɗe suna ƙin sa, suna cewa yana takura su. Sai bayan mutuwar Earnhardt aka wajabta irinsa a gasar NASCAR a 2001, gasar Formula One kuma ta bi baya a 2003.

Inda Tsohuwar Mota ke Kawo Cikas

Abin wuyan nan ba ya aiki sai da ɗamara mai ratsa kafaɗu biyu. Ɗamarar tsere tana da madauri biyar ko shida: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya ko biyu a tsakanin cinyoyi. Na ƙugu dole su zauna a kan ƙashin ƙugu, domin idan suka hau kan ciki za su iya fasa hanji ko hanta. Na tsakanin cinyoyi kuwa su ke hana mutum sulalewa ta ƙarƙashi. Jochen Rindt ba ya ɗaura waɗannan, don yana son ya iya fita da sauri idan wuta ta tashi. A Monza a 1970 ya sulale ƙasa cikin motarsa lokacin karo, ɗamarar ta yi masa mummunan rauni a wuya, ya rasu yana kan gaba a gasar duniya ta shekarar, aka ba shi kambin bayan mutuwarsa.

To amma motar 1930 marar rufi fa? Kafaɗun direba da kansa suna sama da bodinta, kuma ba ta da bakan ƙarfen da ake kafawa a bayan kujera don ya tokare ƙasa idan mota ta kife. Idan aka ɗaure mutum a irin wannan mota ta kife, kansa da wuyansa ne za su ɗauki nauyinta. Saboda haka yawancin masu tsere da motocin kafin yaƙi ba sa ɗaura ɗamara ko kaɗan, kuma dokokin gasar sun yarda da haka. Wasu kan kafa bakan ƙarfe, wasu kuma su ce ya ɓata asalin motar ya rage mata daraja, ko kuma tsohon gindinta ba shi da wurin da zai riƙe shi. Wannan muhawara ba ta ƙare ba a tsakaninsu. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne kayan nan a sarƙe suke: bakan ƙarfe ke halatta ɗamara, ɗamara ke sa abin wuya ya yi aiki, hula kuma ita ke ba igiyoyinsa wurin kamawa. Wanda ya zaɓi tsere ba tare da su ba ya san cewa hula da riga kaɗai ke tsakaninsa da kwalta. Kada ɗalibi ya ɗauki wannan hujjar ƙin ɗaura bel a motar gida ko ta haya. Waɗannan suna da rufi, kuma wanda aka wurgar daga cikinsu ya fi wanda ya zauna a ɗaure shiga haɗarin mutuwa nesa ba kusa ba.

Wuta da Fata

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jiki, faɗinta ya kusa murabba'in mita biyu. Tana da ɓawon sama siriri, da sashen ƙasa mai jijiyoyin jini da na ji da tushen gashi da jakunkunan gumi, sa'annan kitse a ƙarƙashi. Ƙwayoyinta cike suke da furotin, kuma zafi yana daskarar da furotin kamar yadda yake mayar da ruwan ƙwai fari. A 1947 masana biyu a Harvard, Moritz da Henriques, sun auna yadda zafi da lokaci ke haɗuwa su ƙona fata. A digiri 44 na santigireti sai an yi kusan awa shida. A digiri 60 'yan daƙiƙoƙi sun isa. A digiri 70 ko daƙiƙa ɗaya ba a buƙata. Harshen wutar fetur kuwa ya haura digiri 800.

Ƙunar da ta tsaya a ɓawon sama ja take yi ta warke. Wadda ta shiga sashen ƙasa ita ke yin bororo. Wadda ta cinye shi duka ba ta ma yin zafi, don jijiyoyin ji sun mutu, kuma ba ta warkewa sai an yi dashen fata. Babbar ƙuna tana kisa ta hanya biyu: ruwan jiki ya tsiyaye har jini ya kasa zagayawa, ko ƙwayoyin cuta su sami ƙofa a buɗe. Lorenzo Bandini ya ƙone a cikin motarsa a Monako a 1967, ya cika bayan kwana uku.

A wannan shekarar ce kamfanin DuPont ya fitar da wani zare mai suna Nomex kasuwa. Auduga kamawa take yi da wuta. Nailan da dangoginsa narkewa suke yi a wajen digiri 250, su manne a fata suna ci gaba da ƙona ta, abin da ya kamata mai girki da risho ko gas ya sani. Nomex ba ya narkewa. Idan zafi ya kai wajen digiri 370 sai ya zama gawayi ya ƙara kauri, da an janye wuta kuma ya mutu. Duk da haka, mai hana zafi ratsawa na ainihi ita ce iskar da ke maƙale tsakanin rufi biyu ko uku na rigar, da tsakanin rigar da kayan ciki, kamar yadda iskar da ke cikin bargo ke tsare ɗumi lokacin hunturu. Shi ya sa doka ta ce kayan ciki da safa da mayafin fuska duk su zama na irin wannan zare. Hatta sunan da ake yi wa ado da zare a ƙirji, ƙa'idar FIA ta ce ɗinkin ya tsaya a rufin waje, kada allura ta haɗe rufin duka ta buɗe wa zafi hanya.

Ba a ce rigar tana hana ƙuna har abada ba. Lokaci take saye, kuma da daƙiƙa ake auna shi. A ma'aunin SFI na Amurka, riga mai rufi ɗaya tana ba da kimanin daƙiƙa 3 kafin bororo ya fara, mai matsayi na biyar kuma kimanin daƙiƙa 10. Ma'aunin FIA na 2018 yana neman kimanin daƙiƙa 12. A watan Nuwamba na 2020 motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta a Baharain. Ya yi kusan daƙiƙa 28 kafin ya fito, kuma bayan hannuwansa ne suka ƙone, inda safar ba ta kai rigar kauri ba.

Tsofaffin motoci suna da nasu ƙarin haɗari. Wasunsu ba fetur suke sha ba, wani sinadari ne mai suna metanol, wanda harshen wutarsa ba ya ganuwa da rana, ta yadda mutum zai riƙa ci da wuta na kusa da shi ba su gani ba. Wasu kuma suna da sassan ƙarfen maganiziyam, wanda idan ya kama, zuba masa ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Sa'annan akwai ƙunar da riga ba ta iya tarewa, wato ta hanyar numfashi. Niki Lauda ya shaƙi hayaƙi mai zafi da guba a Nürburgring ta Jamus a watan Agusta na 1976, kuma lalacewar huhunsa ce ta kusa kai shi lahira, fiye da ƙunar da ta cinye masa kunne. Bayan mako shida ya koma tsere.

Kuɗin da Jiki ke Biya

Rigar da ke hana zafi shiga tana hana shi fita. Jiki yana aiki ne a digiri 37, kuma babbar hanyarsa ta sanyaya kai ita ce bushewar gumi, kamar yadda ruwan da ke tsatsowa ta jikin randa ke sanyaya na ciki. A cikin riga mai rufi uku, kusa da injin da babu abin da ya raba shi da direba sai falle ɗaya na ƙarfe, gumi na zuba amma ba ya bushewa. Jini yakan karkata zuwa fata, ruwansa ya ragu, zuciya ta ƙara sauri. Rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki ta hanyar gumi, wato kilo ɗaya da giram 400 ga mai kilo 70, ya isa ya rage natsuwa. Idan zafin ciki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa kan rikice. A gasar Katar ta 2023, matasan ƙwararru ma sun jigata, ɗaya ya yi amai a cikin hularsa, wani ya janye daga tseren.

Bugun zuciyar direba a lokacin tsere yakan haura 160 a minti. Akan ƙiyasta iyakar bugun zuciyar mutum ta hanyar ɗebe shekarunsa daga 220. Ga ɗan shekara 25 akwai sauran rata. Ga ɗan shekara 60, irin waɗanda suka yi yawa a tseren tsofaffin motoci, an riga an kai maƙura. Denny Hulme, zakaran duniya na 1967, bugun zuciya ne ya kashe shi yana cikin tuƙi a gasar Bathurst ta Ostareliya a 1992, yana da shekara 56. Don haka takardar likita, da gwajin zuciya ga waɗanda suka manyanta, tana cikin sharuɗɗan lasisin tsere.

Tsohon injin kuma yana fitar da iskar kabon monoksaid da yawa, wadda ba ta da launi ko wari. Tana kama hemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Ita ce dai ke hallaka iyalan da suka kwana da janareta a ɗaki. A rufaffiyar mota mai tsagaggen salansa, ciwon kai da jiri su ne alamun farko.

Ido da kunne ma suna da rabonsu. Wani dutse da tayar motar gaba ta cillo ya huda gilashin hular Helmut Marko a Faransa a 1972, ya rasa idonsa na hagu. Ƙarar da ta wuce desibel 85 tana lalata ƙwayoyin ji masu gashi da ke can cikin kunne idan an daɗe a cikinta, motar tsere kuwa takan wuce 110. Tsuntsaye suna iya sake tsirar da waɗannan ƙwayoyi, ɗan'adam ba ya iyawa, don haka toshiyar kunne ta shiga cikin kayan aiki.

Aiki a Aji

Malami na iya nuna biyu daga cikin waɗannan ƙa'idoji da kayan da ba su da tsada. A samo ɗanyen ƙwai biyu da ƙananan gwangwanaye biyu masu murfi. A sa ƙwai ɗaya a gwangwani haka nan, ɗayan kuma a kewaye shi da gutsattsarin farin soson kwali har ya daina motsi. A saki duka biyun daga tsayin mita ɗaya a kan siminti, a buɗe, a bar ɗalibai su faɗi wanne sashe ne ya yi aikin ɓawon hula, wanne kuma ya yi aikin cikinta.

Gwaji na biyu malami kaɗai zai yi shi, a waje, da bokitin ruwa a kusa. Ya riƙe ƙyallen auduga da awartaki ya kai shi kan kyandir, sa'annan ya yi haka da ƙyallen nailan. Ɗalibai su rubuta abin da ya faru da kowanne, su bayyana wanne zai fi wahalar cirewa daga fata.

Ga kuma lissafi. Ana samun ninkin g ta hanyar ninka gudu da kansa, a mita cikin daƙiƙa, a raba da ninki biyu na tazarar tsayawa, a mita, sa'annan a raba da 10. Mai babur yana gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a daƙiƙa, kansa ya bugi bango kai tsaye. A lissafa g idan kan ya tsaya cikin milimita 5, da kuma idan ya tsaya cikin santimita 4. Amsar farko 1,000 ce, ta biyu 125. Ma'aunin Snell ba ya amincewa da hular da, a wajen gwaji, ta bar bugun da ya kai g 300 ya isa kai.